Wane Modun?

Ni ba masanin na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ban taɓa yin da'awar haka ba. Abin da na karanta adabi ne, shi nake koyarwa, da shi nake ci da iyalina. Saboda haka idan mai karatu ya ga na shiga gonar da ba tawa ba, sai ya yi mini uzuri, domin sha'anin ne ya iske ni har gida, a wani dare na watan Fabrairu na shekarar 2021, sa'ad da birnin Maiduguri yake cikin duhu. Tun a watan Janairu na wannan shekara aka farfasa turakun wutar lantarki da ke kan hanyar Damaturu, aka bar mu da fitilar hannu da ƙarar janareta, ga wanda ke da halin sayen mai.

Amma kafin in kai ga wannan dare, tilas in koma da mai karatu Konduga, don can ne tushen maganar.

A Konduga aka haife ni, garin da ke kan hanyar Bama, a gefen kogin Ngadda, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Maiduguri a mota. Mahaifina Bahaushe ne daga ƙasar Haɗeja, fataucin albasa da busasshen kifi ya kawo shi, ya ga wuri ya zauna, ya auri mahaifiyata wadda Babarbariya ce. Don haka na tashi da harshe biyu a baki, Hausa a zaure, Kanuri a tsakar gida. Garin tsohon mazauni ne ƙwarai. Masu binciken kufai daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da takwarorinsu na Jami'ar Maiduguri, sun tono fasassun tukwane a kan tudun yashin da garin yake, waɗanda aka ƙiyasta sun haura shekara 6,000, tun zamanin da ruwan Tafkin Cadi ke kawowa har gindin wannan tudu. Mu dai da muna yara ba mu san wannan ba. Abin da muka sani shi ne, idan an yi sallar isha'i aka ci tuwo, sai mu taru a gidan wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda kowa ke kira Kaka, ta yi ta zuba mana tatsuniya har barci ya kwashe ƙananan cikinmu.

Da na zo yin bincike don digiri na biyu, sa'an nan na uku, ban sha wahalar neman fage ba. Daga 2008 zuwa 2012 na yi ta zirga-zirga tsakanin Maiduguri da Konduga da ƙauyukan bakin tafkin Alau, ina ɗaukar muryoyin tsofaffi: tatsuniyoyi, da waƙoƙin daka da na niƙa, da kirarin mafarauta, da labaran yadda aka kafa unguwanni. Da fari da rakoda mai kaset na fara, daga baya na sami 'yar ƙaramar na'ura mai shiga aljihu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda tatsuniya guda ke sauya riga idan ta ƙetara daga bakin Bahaushiya zuwa na Babarbariya, ko na Bashuwa, alhali ƙashin bayanta yana nan yadda yake. Na tara ɗauka 212. Kowace na ba ta lamba, na rubuta bayaninta a wani littafi mai baƙin bango: ranar ɗauka, da wuri, da sunan mai magana.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba ni da ƙarfin zuciyar tsawaita shi. Ranar 11 ga Agusta, 2013, aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Konduga, aka kashe mutum 44. A watan Fabrairu na 2014 aka dawo, aka ƙone babban sashe na garin, jama'a suka watse, wasu Maiduguri, wasu inda ƙafa ta kai su. Cikin waɗanda na ɗauki muryarsu akwai wanda aka kashe, akwai wanda ciwo ya ɗauke a sansanin gudun hijira, akwai wanda har yau ban ji ɗuriyarsa ba. Kaka ta rasu a 2015 a ɗakin wani ɗan'uwanta a Maiduguri. Kaset-kaset ɗin da na tara don neman takardar shaida sai suka zama amana a wuyana.

A 2017 ɗan yayata, wanda a lokacin yake karatun kimiyyar kwamfuta, ya ce mini, "Kawu, waɗannan muryoyi fa ba naka ba ne kai kaɗai. Bari in gina musu gida a intanet, kowa ya ji kakarsa." Na yarda ba tare da na fahimci abin da yake nufi sosai ba. Ya yi wata uku yana juye kaset, ni kuma ina buga rubutun kowace tatsuniya da fassararta. Ya gina shafin a kan wani abu da ake kira Laravel, wanda wani Ba'amurke mai suna Taylor Otwell ya fito da shi a 2011, da harshen na'ura na PHP. Da na tambaye shi mene ne shi, sai ya yi ta kewaye-kewaye da Turanci, har na ce ya tsaya, na gane: tsaiko ne. Mai yin ɗakin ciyawa ba ya fara da baibaya, sai ya sami tsaiko ɗaurarre, sa'an nan ya ɗora bunu yadda ya ga dama. Wasu sun ɗaure tsaikon sun ba duniya kyauta, kai kuwa naka shi ne rufi. Ya yi dariya ya ce ko malaminsu bai faɗa da kyau haka ba, na ce ai sana'ata ke nan.

Yadda gidan ke aiki kuwa, kamar yadda na fahimta, bai bambanta da gidan mahaifina ba. Baƙo ya zo ya yi sallama a zaure ya faɗi bukatarsa, wato mutum ya latsa sunan tatsuniya a wayarsa. A zauren akwai yaro ɗan aike riƙe da takarda, an rubuta masa cewa mai bukata kaza, wane za ka kira masa. Wannan takarda ita ce jerin hanyoyi, tana cikin wani fayil mai suna web.php. Wanda ake kiran shi ne kwanturola, shi ne mai gidan wannan sashe: ya ji bukata, ya shiga rumbu ya ɗebo abin da aka nema, ya zuba a faifai ya miƙo wa baƙo. Gidanmu yana da irin waɗannan masu gida guda shida, na tatsuniya daban, na waƙa daban, na kirari daban, da sauransu. Yaron ya raɗa musu suna rabi Hausa rabi Turanci, irin su TatsuniyaController da WakaController. Na yi masa ƙorafin ƙugiyar da ya cire wa waƙa, ya ce in yi haƙuri, a wannan lungu ba a son haruffa masu lanƙwasa. Ban ji daɗi ba, amma na ƙyale.

Shekara uku da wani abu gidan yana tsaye. Ɗalibaina suna shiga don aikin aji. Fiye da su, mutanen Konduga da ke warwatse suna shiga, wani ya aika wa wani. Akwai wata jikar Kaka da ke aure a Kano, wadda ta gaya mini cewa kusan kowane dare sai ta kunna wa 'ya'yanta muryar tsohuwar.

Sai ga saƙo daga kamfanin da muke hayar wuri a uwar garkensa, cewa za su daina ɗaukar tsohon zubin PHP da shafinmu yake kai, saboda masu kula da harshen sun daina toshe masa kafofin ɓarayi. Tsohon tsaikonmu, Laravel 5.5, an yi shi ne don wancan zamani. Ba yadda muka iya, sai sabuntawa. A lokacin zubi na 8 ne sabo, wanda ya fito a watan Satumba na 2020. Ƙa'ida ita ce a hau tsani mataki-mataki, daga 5.5 zuwa na gaba, zuwa na gaba, ana karanta takardar jagora ta kowane mataki. Yaron ya dubi yawan matakan, ya dubi kuɗin mai, ya zaɓi yanke: ya kafa sabon tsaiko fil na zubi na 8, ya kwaso kayanmu daga tsohon gida ya zuba a ciki, ya ɗora a uwar garke da la'asar, ya tafi sallar magariba.

Ba a yi isha'i ba jikar Kaka ta bugo mini waya. "Malam, lafiya kuwa? Na buɗe ban ga komai ba sai wata lamba, 500."

Muka zauna a zaurena, ni da shi, kwamfutarsa a kan tabarma, janareta na kuka a waje da man da bai fi lita huɗu ba. Ya kunna wani abu da ke sa gidan ya faɗi ciwonsa dalla-dalla a maimakon lamba, sai ga jimla guda ta Turanci a saman allo. Ma'anarta ita ce: ajin da ake nufi, TatsuniyaController, babu shi. Muka latsa waƙa, aka ce WakaController babu shi. Kirari ma haka. Duk masu gidan nan shida an ce babu su. Gabana ya faɗi, don ni a sanina idan aka ce babu, to babu. Yaron ya buɗe jakar da suke ciki ya nuna mini su, ga su nan shida reras, ko wasali bai ɓace ba. Ya share ma'ajiyar wucin gadi, ya sa aka sake lissafa fayilolin gidan, ya kashe ya kunna. Jimlar nan tana nan daram.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare gajiya ta kama shi, ya fara gwada duk shawarar da ya ci karo da ita a intanet. Ina kallo ya buga wani umarni, na'urar ta tsaya ta yi masa tambaya cikin launin gargaɗi. Hannunsa na kan madannin amincewa na ce ya dakata ya fassara mini. Ya ce tana cewa ne wannan gida ne da jama'a ke amfani da shi, ko ka tabbata kana son yin haka? Na ce, "Yin me?" Ya sake duba abin da ya rubuta, sai na ga ya janye hannunsa a hankali kamar wanda ya taɓa maciji a duhu. Umarnin sunansa migrate:fresh, aikinsa shi ne ya rushe dukan teburorin rumbun bayanai ya sake gina su fayau. Ya ce, "Kawu, muryoyin ba za su goge ba, suna wani wuri daban. Amma kowane fayil na murya na'ura ce ta raɗa masa suna, haruffa da lambobi arba'in marasa ma'ana. Rumbun ne kaɗai ya san wannan muryar wance ce, waccan ta wane ce." Na tambaye shi ko muna da kwafin rumbun. Ya ce akwai na 2019 a wani filashi, in bai ɓata ba.

Ban yi masa faɗa ba. Ina da bakin faɗa, ni da na bar amanar mutane shekara biyu ba kwafi? Na ce kafin ya sake taɓa komai ya kwafe rumbun sau biyu. Ya yi, muka sa ɗaya a wayata. Sa'an nan na ce ya bar shawarar mutane, ya buɗe mini takardar jagorar da masu tsaikon suka rubuta da kansu, mu karanta ta kamar yadda nake sa ɗalibai su karanta matani: daga farko, a hankali, ba tsallake. Wannan kaɗai ne abin da na iya, kuma shi na kawo.

Amsar tana ciki, a sakin layin da bai kai tsawon tafin hannu ba. A tsohon zubi, idan aka rubuta wa ɗan aike TatsuniyaController kawai, akwai wani fayil mai suna RouteServiceProvider da ke raɗa masa a kunne cewa duk sunan da ka gani, ɗan gidan App\Http\Controllers ne. Wato ana liƙa wa kowane suna asalinsa a ɓoye, mai rubutu bai ma san ana yi ba. A sabon gida na zubi na 8 an bar wannan gurbi wayam. Ɗan aike ya karɓi suna tsirara, ya fita ya yi kira a fili, ba wanda ya amsa, ya dawo ya ce babu shi. Da yaron ya hau tsani yadda aka ce, da tsohon fayil ɗin ya biyo shi da raɗarsa, da ba abin da ya faru. Ƙaura zuwa sabon gida ce ta tona asirin.

Na jingina da bango na yi shiru, domin na taɓa ganin wannan da idona. A 2014 na raka wani dattijo maƙwabcinmu na Konduga wurin rajistar katin abinci a wani sansani a Maiduguri. Magatakarda ya tambayi sunansa, ya ce Modu. Aka ce Modu wa? Dattijon ya dube ni da mamaki, don shekara sittin da wani abu ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba. A unguwarmu in ka ce Modu, kowa ya san wanda kake nufi. In ana son bambancewa a ce na bakin rijiya, shi ke nan. Unguwar ce ke cika masa sauran sunan. To, ga shi an ƙone unguwar, rijiyar ma ba ta nan kusa. Da magatakarda ya ɗaga murya ya kira Modu, mutum bakwai suka miƙe a layi. Sai da aka bi shi da sunan uba da na kaka da na gunduma kafin takarda ta yarda cewa akwai shi. Na ba yaron wannan labari, ya ce, "Haka ne, Kawu, sai dai ita na'ura ko mutum bakwai ba ta samu ba."

Gyaran iri biyu ne, kuma a kansa muka yi gardama. Na farko, a koma RouteServiceProvider a mayar da layin nan guda mai raɗa, komai ya koma yadda yake cikin minti ɗaya. Masu tsaikon ba su hana ba, sun bar ƙofar a buɗe. Na biyu, a bi hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, a gabatar da kowane kwanturola da cikakken sunansa a saman fayil, sa'an nan a sake rubuta kowace hanya ta nuna shi kai tsaye. Hanyoyinmu 43 ne. Mai karatu zai zaci ni ne na nemi doguwar hanya, tun da ni ne mai wa'azin karatu a hankali. Ina! Ni na ce a yi na minti ɗaya, mai ya kusa ƙarewa, ga yarinya a Kano na jira. Yaron ne ya ƙi. Ya ce abin da aka daina yi a sabon gida, wata rana za a cire shi ɗungurungum, mu sake kwana a zaune. Kuma idan sunan cikakke ne, manhajar da yake rubutu da ita za ta ja masa layi tun kafin a ɗora in ya yi kuskure. Na ce yaro man kaza. Ya ce, "Kawu, ka ba ni awa ɗaya." Daga baya maganarsa ta tabbata ta wani gefen, don a zubi na 11 da ya fito a 2024 ba a ma sa wannan fayil a sabon gida ba sam.

Muka raba aiki, ni ina karanto hanyoyin daga tsohuwar takarda, shi yana rubutawa. A ta talatin da wani abu janareta ya yi tari ya mutu, muka ƙarasa da abin da ya rage a batir. Da gari ya waye muka ɗauki kwamfutar zuwa shagon masu cajin waya a bakin titi, muka biya, muka zauna a benci.

Ashe da sauran rina a kaba. Ɗan aike ya sami mai gida, amma mai gida ya shiga neman ma'ajin rumbu a tsohon ɗakinsa bai same shi ba, don sabon gida ya ware wa ma'aja ɗaki na musamman mai suna Models, yaron ya kai su can, ya manta bai sanar da masu gida ba. Ciwo ɗaya ne, suna da adireshi. Ya gyara cikin minti goma. Sai sashen kirari ya ƙi buɗewa a uwar garke alhali yana buɗewa a kwamfutarsa. Wannan ni na gano shi, kuma ba zan ɓoye alfaharina ba: a wuri guda an rubuta sunan da ƙaramin harafi inda ya kamata a sa babba. Kwamfutarsa mai Windows ba ta damu ba, uwar garke mai Linux kuwa ba ta yafe wannan. Shekara goma sha biyar ina jan jar biro a ƙarƙashin irin wannan kuskure ɗalibai na cewa na cika tsanani. Sa'an nan kiban nan na gaba da baya da ke ƙasan shafi suka kumbura, kowace ta cika allo kamar allon talla, saboda sabon zubi ya sauya irin adon da yake zato ana amfani da shi. Layi guda ya mayar da su. Muka yi dariyar da ba mu yi ba tun jiya.

Na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali. Shafi ya buɗe, ga sunan tatsuniya, ga rubutunta, ga fassara, amma in an latsa murya sai shiru. Yaron ya yi tagumi, can ya buga goshinsa. Muryoyin suna cikin ɗaki na ƙurya wanda baƙo ba ya shiga, akwai wata 'yar ƙofa da ake yankawa tsakaninsa da zaure, kuma ba ta bin kaya in an yi ƙaura, sai an sake yanka ta. Umarni guda ne, storage:link. Ya buga, ya miƙo mini abin sawa a kunne guda, ya riƙe guda. Na latsa lamba 17. Aka ji kukan akuya, da tarin wani yaro, da ƙarar kaset, sa'an nan muryar Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku. Yaron nan, da gemunsa, a tsakiyar shagon caji, ya amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta."

Da a nan maganar ta tsaya da ban rubuta ta ba. Kwana biyu bayan haka na ɗauko littafina mai baƙin bango don in gwada shi da abin da ke rumbu, in tabbata ba abin da ya salwanta. Ba abin da ya salwanta. Amma a karo na farko na karanta shafin sunaye da idon baƙo. Lamba 17: Kaka mai ƙosai, Konduga. Lamba 40: Ya Falmata, bakin kasuwa. Lamba 88 zuwa 93: Malam Modu, mafarauci. Na ƙirga, cikin ɗauka 212, guda 61 ba su da sunan uba, ba unguwa, ba shekaru. Ni da na yi digiri uku, na zauna gaban malamai na kare hanyar bincikena, ashe na rubuta sunayen nan ne ina dogara da cewa Konduga tana nan za ta cika mini sauran. Wani ɓangaren kunya ce ta gida: yaya zan dubi tsohuwar da ta goya ni in ce ta faɗi sunanta na yanka da na ubanta? Ita kanta har ta mutu ban ji ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba. Amma mafi yawa sakaci ne, kada in laɓe bayan al'ada.

Tun daga lokacin nake bin sawu. Sunan Kaka bai yi wuya ba, jikarta ta ba ni, har da na kakanta da garin da suka taso. Wasu na same su ta wurin ɗalibai 'yan yankin, in kunna musu murya su kai wa iyayensu. Zuwa yau na cike 38. Aikin ya ƙara zama tilas bayan daren 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, irin wanda ban gani ba tun na 1994 ina saurayi. Akwatin kaset ɗin yana gidan yayata a Gwange. Da ruwa ya janye muka buɗe shi, laka ce da zare. Littafin ya tsira don yana ofis. Yaron yanzu yana aiki a Abuja, shi ke sabunta tsaikon duk shekara, mataki-mataki, kuma ya sa rumbun yana kwafe kansa kowane mako.

Na mafaraucin ne ya fi tsaya mini a rai, don kirarinsa guda shida su ne mafi kyau a duk abin da na ɗauka, kuma na gina babi sukutum na kundina a kansu. Da hutun da ya wuce na shiga mota na tafi Konduga. Garin ya sake cika, da 'yan asali da waɗanda aka kawo daga ƙauyuka, sai dai na yi ta ɓata a layukan da na yi wasa a cikinsu. Aka nuna mini wani tsoho da aka ce ya yi farauta a da, yana zaune a gindin dalbejiya yana gyaran tarko. Na durƙusa na gaishe shi da Kanuri, na faɗi sunan mahaifina, ya gane, ya yi masa addu'a. Na ce, "Baba, ina neman labarin Malam Modu mafarauci, wanda na ɗauki kirarinsa a 2010."

Ya ajiye tarkon ya dube ni. "Wane Modun? Mu uku ne a ƙungiyarmu, ni ne na ukun."

Na ciro waya na latsa lamba 88, na miƙa masa. Ya kara a kunne, ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Na sake. Sa'an nan ya ce in ciro biro.